Ba Jason Momoa ne ya kashe sabon Conan ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na fina-finai in gyara wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kallo. Duk lokacin da aka ambaci Conan the Barbarian na 2011, sai ka ji an ce ai ya faɗi ne saboda babu Arnold Schwarzenegger, jarumin tsohon Conan na 1982, wanda mutanenmu suka fi sani da Kwamando. Ni dai ban ga laifin sabon jarumin, Jason Momoa, ba. Ɓarnar daga wajen ɗauka da tacewa ta zo.

Asalin Conan ma ba na Arnold ba ne. Wani marubuci ɗan Texas, Robert E. Howard, shi ya ƙirƙiro shi a mujallar Weird Tales a 1932, kuma Conan ɗinsa mai zafin nama ne, ɓarawo, mai wayo, mai baki. Ta wannan fuskar Momoa ya fi Arnold kusa da na takarda. Fim ɗin 1982, wanda John Milius ya ba da umarni aka ɗauka a Sifen, ya mai da shi shiru-shiru mai ƙirar samudawa, aka bar jikinsa da kiɗan Basil Poledouris su yi magana.

Mu fara da faɗan takobi, tunda shi ne kasuwar. Ana shirya shi kamar rawa: sara uku zuwa biyar a jere, kowane sara da kariyarsa, a maimaita a hankali har jiki ya haddace, sannan a ƙara gudu. Takobin ƙarfe na gaske sai in kyamara ta matso kusa. Wajen dauki-ba-daɗi na alminiyam ake riƙewa, marar kaifi. Domin mai kallo ya yarda an yi sara, dole idonsa ya ga abu uku a hoto ɗaya: inda ƙafa ta tsaya, tafiyar takobin, da yadda jikin wanda aka sara ya karɓa. Milius yana ja da kyamara baya ya bar ta ta huta, kana ganin mutum daga kai har ƙafa. Marcus Nispel, daraktan na 2011, sai ya matso da ita tana rawa, mai tacewa kuma ya daddatsa hoton gutsi-gutsi. Hannu ya ɗaga, an yanke. Jini ya yi tsartuwa, an yanke. Gawa tana ƙasa. Saran da ya haɗa su ba ka gan shi ba. Momoa ya iya juya takobi, amma an hana mu gani.

A kan wannan aka ɗora 3D, kuma ba da kyamara mai ido biyu aka ɗauka ba, daga baya aka juya shi a kwamfuta. Yadda ake yi: a bi hoto ɗaya bayan ɗaya a zagaye kowane mutum da kowane kaya, a ba shi nisansa, a ƙirƙiro abin da ido na biyu zai gani, sannan a cike gurbin da ya buɗe a bayansa. Hoto 24 ne a daƙiƙa guda, fim mai minti 113 kuwa ya haura hoto dubu 160. Ƙura da hayaƙi da tsartuwar jini da gashi mai kaɗawa su ne suka fi wuyar zagayewa, kuma su ne suka cika fim ɗin. Ga tabarau ɗin kallon 3D yana cinye fiye da rabin hasken allo, ga shi an ɗauki ƙarshen fim ɗin a kogo mai duhu. Ido yana bukatar ɗan lokaci kafin ya daidaita da sabon nisa, kafin ya daidaita an sake yankewa. Abin da ake samu ciwon kai ne.

Dodanni ma haka. Macijin 1982 na inji ne, an ƙera shi an ajiye a ɗakin, Arnold ya rungume shi da hannunsa, nauyinsa yana bayyana. Mayaƙan yashi da matsafiya Marique ta tayar a na 2011 suna da kyan gani, sai dai in an sare su sun zube, wasu sun taso. Abokin gaban da mutuwarsa ba ta rage komai ba, faɗa da shi ba ya tayar da hankalin kowa.

Sai bos. A na 1982, James Earl Jones a matsayin Thulsa Doom bai cika ɗaga murya ba. Ya yafito wata yarinya daga saman dutse ta faɗo ta mutu, don kawai ya nuna wa Conan cewa iko da zukata ya fi ƙarfe. A na 2011 kuwa, Khalar Zym na Stephen Lang ya kwashe fim ɗin gaba ɗaya yana neman haɗa wani abin rufe fuska na tsafi da jinin wata budurwa, don ya tayar da matarsa. Da ya samu ya saka, ba mu ga ya yi wani abin kirki da shi ba. An yi ta kiran ruwa, hadari ya watse.

A ba kowa haƙƙinsa: mintunan farko na sabon fim ɗin sun yi kyau ƙwarai. An ba samari ƙwai su saka a baki su zagayo dutse a guje, wanda ya dawo da nasa bai fashe ba ya zama mayaƙi. Abokan gaba suka tare su a daji, sauran suka juya. Ƙaramin Conan ya dawo shi kaɗai, jina-jina, riƙe da kawunan mutane, ya zubar a gaban mahaifinsa, wato Ron Perlman, sannan ya tofo ƙwan lafiya lau. Babu dogon surutu, kuma ka san wane ne yaron. Da an riƙe wannan salon, da labari ya sha bamban. Tsohon ma ba ya rasa tabo: a farkonsa an narka ƙarfe an zuba a buɗaɗɗen mazubi wai ana yin takobi. Kowane maƙeri zai yi dariya, don takobin ƙarfe dukansa ake yi a kan uwar maƙera, zubi na tagulla ne.

Kuɗin kuwa, an kashe kusan dala miliyan 90 ana ɗauka a Bulgeriya, ban da talla. An sake shi ranar 19 ga Agusta 2011, ya zo na huɗu a ƙarshen makon farko da kimanin miliyan 10, duk abin da ya tara a Amurka bai wuce miliyan 21 da 'yan kai ba. Gidajen sinima kuma suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, saboda haka ko uwar kuɗi ba a gani ba.

Wanda zai kalla yanzu ya nemi kwafin da ba na 3D ba, ya kashe fitilar ɗaki, ya ƙara hasken talabijin kafin a shiga kogo.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Zariya