Wasiƙa zuwa Damagaram: yaron da ya yi waƙa a bayan mota

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da amarya da sauran mutanen Damagaram. Mu a nan Zariya sai godiya, in ban da zafi da ya sa mu gaba.

Waƙoƙin Mdou Moctar, mai jitar nan na Nijar, da ka turo sun iso, na gode. Amma ka jawo mini aiki, mutumina. Da na ga kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da faifansa na 2021, sai na shiga duba su wa kuma kamfanin yake riƙe da su, har na faɗa kan wasu samari huɗu mazauna birnin Siyatil na Amurka da ake kira Car Seat Headrest. Kiɗan jita ne da ganguna, irin na mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. Na san za ka ce me ya haɗa ni da ihun Turawa. Yi haƙuri ka ji, tunda Ingilishinka bai kai Faransancinka ba, ni zan ba ka labarin.

Jagoransu Will Toledo ne, haifaffen 1992, wanda ya tashi a garin Leesburg na jihar Bajiniya. A 2010 ya fara, shi kaɗai, ba makaɗi ba situdiyo. Kunya ta hana shi ɗaga murya a gida, sai ya riƙa ɗaukar kwamfutarsa ya shige kujerar baya ta motar gidansu, ya rufe ƙofa ya yi ta rerawa. Daga nan sunan ƙungiyar ya samo asali, don ma'anarsa ita ce matashin kai na kujerar mota. Abin da ya naɗa sai ya ɗora a shafin Bandcamp, mai so ya ɗauka. Kusan irin yadda waƙoƙin Mdou suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a wajenku kafin duniya ta san shi. Sai a 2015, bayan ya gama jami'a ya koma Siyatil, Matador ta ɗauke shi, a hankali kuma ya tara abokan kiɗa: Andrew Katz a ganguna, Ethan Ives a jita, Seth Dalby a jita mai kauri.

Abin da ya riƙe ni shi ne abin da yake faɗa. Ka san mu ma muna da mawaƙi ya yi waƙar kansa. Shata ya yi Bakandamiya, amma kirari ne, namiji yana faɗa wa duniya ko shi wane ne. Wannan yaro kuwa tonon asirin kansa yake yi. A faifansu na 2016 akwai wata waƙa da ta wuce minti 11, wadda ya gina a kan jirgin ruwan nan Costa Concordia da ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, matuƙin kuma ya bar jirgin da sauran jama'a a ciki. Toledo ya sa kansa a matsayin matuƙin. A tsakiyar waƙar sai ya bar rerawa ya koma mita, yana jero abubuwan da ba wanda ya koya masa: dafa wa kansa abinci, riƙe aiki, tuƙa mota. Ka fara dariya, can kuma ka yi shiru, don ka tuna shekarar da aka ce maka ka girma alhali kai ba ka ji komai ya canza ba. Kuma da gangan ya zaɓi mutumin da kowa ya tsine wa, don ya san uzurin nasa ba ya wanke shi.

Sai babban abin. A 2011, yana ɗan shekara 19, ya naɗi wani faifai mai suna Twin Fantasy a kan wata soyayya da ta ɗauke masa hankali. Muryar a shaƙe take, kiɗan duk ƙara, wani wurin da ƙyar za ka tsinci kalma. Da ya samu suna da kayan aiki, kowa ya zaci zai binne shi ya wuce. Sai ya tara abokansa suka sake naɗar faifan gaba ɗaya, ya fito a Fabrairun 2018, yana da shekara 25. Ya ce dama aikin bai ƙare ba, sai a lokacin ya gano yadda zai ƙarasa shi. Ya sauya baituka nan da can, wata waƙa ma ta miƙe har minti 16, amma yawancin maganganun ƙuruciyar nan masu sa mutum sunkuyar da kai ya bar su yadda suke. Na saurari biyun a jere. A na farko yaro ne ke kuka da wanda yake so. A na biyu babban mutum ne ke rera kalmomin yaron, har kana jin ya fara gane cewa wanda ya so ɗin rabinsa shi ya ƙirƙira a ransa. Kalma ɗaya, ma'ana ta juya. Wannan ƙarfin hali ne ya burge ni, don yawancinmu da za a miƙo mana wasiƙun da muka rubuta a wancan shekarun, murhu za mu nufa da su.

Kada ka ɗauka komai nasu na saya. Akwai maganar giya da ƙwaya da ba za ka so yara su ji ba, wani lokacin kuma yawan duban kai ɗin yana gundura, har ka ce ya kamata wani ya aike shi kasuwa ya ga mutane. Tsohon naɗin ma, in ba ka da haƙuri, minti biyu za ka kashe.

Zan turo maka biyun ta WhatsApp in data ta samu. Ka fara da na 2018, kuma ka sa abin kunne, kada Hajiya ta ɗauka injin markaɗe ka kunna a ɗaki. In ka ji, ka rubuto ka gaya mini wanne ka fi so, don ni har yanzu ina kai-komo. Batun zuwana bayan Sallah yana nan, in Allah ya yarda ta Daura zan biyo.

A gaida Hajiya da kyau, a ce ina neman addu'a.

Naka,
Amininka na Zariya