Wasiƙa zuwa ga 'yata kan karatun da take shirin zaɓa

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya gajiyar kwanan asibiti? Saƙonki ya iso, na ga jami'o'i ukun da kike ta juyawa a ranki domin digiri na biyu a fannin sarrafa bayanan jinya da kwamfuta. Wallahi na ji daɗi. Kin ce in zaɓar miki. Zaɓi naki ne, amma ga abin da zan duba da ni ce.

Kin tuna lokacin da aka kawo mana kwamfuta a asibitin da na yi aiki? Waɗanda suka tsara manhajar ba su taɓa kwana a ɗakin majinyata ba. Kafin ki rubuta zafin jikin mutum ɗaya sai kin buɗe shafi uku. Ga saƙon gargaɗi yana faɗowa kan kowane magani, mai haɗari da marar haɗari, har yatsunmu suka saba da kashe shi tun ido bai karanta ba. Wani dare wata ƙaramar nas ta kashe gargaɗin da ke cewa jikin wata tsohuwa ba ya karɓar fenisilin. Ta riga ta zuƙi allurar na hango jar alamar da ke ɗaure a hannun tsohuwar, na riƙe ta. Yarinyar nan ta shige ɗakin magani jikinta na ɓari, tana kuka. Har gobe ban ga laifinta ba. Da akwai nas a teburin da aka tsara abin, da ta gaya musu gargaɗi in ya yi yawa kunne toshewa yake yi.

Kujerar nan ta bakin tebur ita kike nema. Saboda haka kafin ki kalli sunan jami'a, tambayi yadda suke tura ɗalibai sanin makamar aiki. Awa nawa ne? A wane asibiti? Wa zai nemo miki wurin, su ko ke? Wannan ta ƙarshe kada ki yi wasa da ita, domin wasu kwasakwasan intanet sai ɗalibi ya yi nisa sannan a ce ya je ya nemo mai horar da shi da kansa. A Amurka, ɗaya daga hanyoyin zama jarrabawar wannan fanni ta ANCC, hukumar da ke ba nas-nas takardar shaidar ƙwarewa, ita ce mutum ya gama kwas mai aƙalla awa 200 na aiki a ƙarƙashin kulawar malami. Ko ba can za ki ba, riƙe wannan a matsayin ma'auni. Ina so ki zauna da nas-nas ranar da aka sauya musu manhaja, ki ji ƙorafinsu da kunnenki, ki gyara.

Ki tabbatar hukumar da ke tantance karatun jinya ta amince da kwas ɗin. A Amurka CCNE da ACEN ke yi, kowace ƙasa kuma da tata. Duba a shafin hukumar da kanki, ba a tallar makarantar ba.

Sai ki nemi jerin darussan ki karanta ɗaya bayan ɗaya. In ba ki ga rumbun adana bayanai ba, ko ƙa'idojin da ke sa manhajar wannan asibiti ta fahimci ta wancan, irin su HL7 FHIR da SNOMED CT, ko kare sirrin majinyaci, to kwas ne na shugabanci aka sauya wa riga. Na lura ɗaya daga cikin ukun ba a tsangayar jinya yake ba, likitoci da masu haɗa magunguna da 'yan kwamfuta duk aji ɗaya. Ban ƙi shi ba, cuɗanyar za ta buɗe miki ido. Amma ki tambaya ko cikin malaman akwai wadda ta taɓa riƙe ɗakin majinyata, kuma yaushe rabonta da shi.

Babanki yana ta cewa wai za ki bar jinya ki koma zaman ofis. Na ce masa Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, wadda ta je yaƙin Kirimiya a 1854, da alƙaluma ta nuna cuta ta fi rauni kashe sojoji. Fannin ma ba na jiya ba ne: Jami'ar Maryland ta buɗe digiri na biyu a kansa tun 1988, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka kuma ta amince da shi a 1992. Ya yi shiru, amma na san zai kira ki.

Roƙona ɗaya, in da hali ki ɗauki karatun sannu a hankali, kada ki ajiye aikin ɗaki gaba ɗaya. Ko kwana biyu a mako ne, ki riƙa taɓa majinyaci. Kuma ki nemi mutum biyu da suka gama kowane kwas, ki tambaye su aikin da suke yi yanzu.

Ki turo mini jerin darussan nan, zan sa tabarau in duba su ranar Asabar. Allah Ya yi miki zaɓin alheri, Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki