Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaba Tinubu: wa kake saurara?

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

A teburin mai shayin unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon direban tirela, da kullum yake rantsuwa cewa wasu 'yan tsiraru ne ke juya duniya daga wani ɓoyayyen ɗaki. Da dariya muke masa. Yanzu na daina, gyara ɗaya kawai nake yi masa: ɗakin a buɗe yake. Kusan duk Janairu suna taruwa a Davos ta ƙasar Switzerland, wajen taron tattalin arzikin duniya, gaban kyamara, mataimakinka ma ya je a 2024 da 2025.

Ka fi ni sanin tsarin. Shugabancin Bankin Duniya na Amurkawa ne tun kafa shi, na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, kuma na 'yan Turai. Ajay Banga da ke riƙe da bankin yanzu daga Mastercard ya fito. A IMF babbar shawara sai da kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u, Amurka ita kaɗai tana da sama da 16, in ta girgiza kai magana ta mutu. Gwamnan Babban Bankinmu, Cardoso, ya shugabanci hukumar Citibank a nan gida. Ban ce sun haɗa baki ba. Kwano ɗaya suke ci, lissafi ɗaya suka iya, kuma babu wanda ya kaɗa musu ƙuri'a.

Mu ne muka sha rana a layi. Amma ranar 29 ga Mayu 2023, ko gama jawabin kama mulki ba ka yi ba ka sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500. Wa ya tafa? Washington, mazaunin Bankin Duniya da IMF. A Yunin 2024 Bankin Duniya ya amince mana da bashin dala biliyan 2.25, a Oktoba kuma babban masaninsa Indermit Gill ya zo Abuja ya ce a jure shekara 10 zuwa 15. Madalla! Ko ya san a gidana an koma awon shinkafa da gwangwani, mudu ya gagara?

Kai da bakinka ka ce a bar talaka ya yi numfashi. Mun ga yadda aka bar shi, ranar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 suka riƙa faɗuwa a gaban kotu a Abuja. Babangida ma a 1986 ya ce SAP, manufarsa ta tsuke bakin aljihu da karya darajar naira, tamu ce ta gida, masaƙun Kaduna sun ga ƙarshen zancen.

Ba na roƙon ka yi faɗa da kowa. Don Allah, kafin tafiyarka ta gaba, ka zo kasuwar Dawanau ba jiniya, ka zauna kan buhu, ka tambayi matan da ke tsintar hatsin da ya zube nawa suka samu jiya.

Wassalam,
Wani malamin firamare daga Kano