Burodin kwakwa na ƴan Filifin bai fi ƙarfin murhunmu ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini saboda matan Maradi masu toye-toye a gida. Akwai wani burodi mai zaƙi na ƙasar Filifin, pan de coco, da ake cusa masa kwakwa a ciki. Sunan daga harshen Sifaniya yake, ƙasar da ta mulki tsibiran fiye da shekara 300, har zuwa 1898. A Filifin da shi ake shan kofi da rana tsaka ko da yamma. Na ce ya kamata mu koye shi, domin babu abin da yake bukata da ba a samu a babbar kasuwa, kuma ko babu wutar lantarki yana gasuwa.

A kan fulawa rabin kilo, a sa sukari giram 80, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, yis ƙaramin cokali biyu, ƙwai ɗaya, bota giram 60, da madara mililita 250. Madarar gari da aka dama ta isa. Kada a zuba gishirin kai tsaye a kan yis, a fara gauraya shi da fulawa. Botar kuwa sai daga baya, bayan an murza ƙullun kamar minti biyar ya haɗe jikinsa, sannan a ci gaba da murzawa minti goma ko sha biyar. Zai riƙa manne wa hannu, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata shi: sai su yi ta barbaɗa fulawa har ƙullun ya yi tauri, burodin ya fito kamar dutse washegari. A shafa ɗan mai a tafin hannu kawai. In an ja ɗan ƙullu ya miƙe siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, ya murzu.

Abin da ya fi muhimmanci a garinmu shi ne yanayi. Umarnin da ake bayarwa na a ɗumama madara a jira awa ɗaya da rabi ƙullun ya tashi, na ƙasashe masu sanyi ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a yi amfani da madara mai sanyi, a ajiye kwanon kusa da randa, a fara duba shi tun daga minti 35. Da ya ninka girmansa, ya isa. In aka bar shi ya wuce, zai yi tsami, ya yi warin giya, ya kuma lotsa a wuta. Da hunturu matsalar ta juya: tashin yana jinkiri, iska kuma tana busar da saman ƙullun ya yi ɓawo, don haka a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen kyalle.

Ƴan Filifin da jan sukari suke haɗa kwakwar. Mu mazarƙwaila ce da mu, kuma a ganina ta fi ba da ƙamshi. A goga kwakwa giram 200, a daka mazarƙwaila giram 100, a zuba rabin kofin madara, bota cokali ɗaya da fulawa cokali ɗaya, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ruwan ya tsotse. Dole ta huce sarai kafin a cusa. Mai zafi tana narkar da botar ƙullun, mai ruwa-ruwa kuma tururinta ne ke fasa burodin ta gindi.

A raba ƙullun kashi 16, a baje kowane, gefe ya fi tsakiya siranta, a sa cokali ɗaya na kwakwa, a tsuke bakin sosai a kifa shi ƙasa. A bar shi ya sake tashi minti 20 zuwa 30, a soka cokali mai yatsu a sama don tururi ya samu hanya, a shafa ƙwai.

Mai tandar gas ta gasa a digiri 180, minti 15 zuwa 18. Mai gawayi ta zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu uku a babbar tukunya, ta rufe ya yi zafi minti goma, ta ɗora farantin burodin a kan duwatsu uku kada ya taɓa yashin, ta kwashi garwashi ta zuba a kan murfi. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, domin ƙullu mai sukari yana saurin ƙonewa ta gindi alhali cikinsa ɗanye.

Ga masu niyyar sayarwa, ɗanyar kwakwa ba ta jure zafinmu. A toya abin da zai ƙare a ranar, wanda ya rage a sa shi a firiji, a ɗumama da safe.

Wassalam.

Wata mai sana'ar burodi,
Maradi