Godiya ga ma'aikatan ɗakin ɗinki na sashenmu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugabar ɗakin ɗinki na sashen zanen tufafi da adon ɗaki, da duk ma'aikatan da ke tare da ita.

Hajiya, na daɗe ina son rubuta wannan takarda, aikin kammala karatu ne ya hana ni sakat. Yanzu na miƙa, maki ma ya fito. Tunda a bainar jama'a muke ƙorafi idan an ɓata mana, bari godiyar ma in yi ta a bainar jama'a.

Ranar da na shigo wurinku da rigata a ƙunshe, wulaƙanci na shirya wa karɓa, don shi muka saba sha. Akwai ofisoshin da saboda sa hannu ɗaya tak sai ɗalibi ya yi mako biyu yana sintiri. Yau mai makulli ya fita, gobe a ce ki dawo da yamma, jibi ki tarar da ƙofa a garƙame. Na taɓa tsayuwar awa biyu rungume da allon zanena a gaban wani, yana ta latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Ba sai na kama suna ba, sun san kansu.

Aikin da aka ba ni doguwar riga ce mai yankan karkace, wato a shimfiɗa takardar yanka a kusurwar digiri 45 maimakon a bi zaren tsaye na yadin. A aji mun karanta yadda Madeleine Vionnet, telar nan ta Faransa, ta yi fice da wannan salo a shekarun 1920, mun ga hotunan riguna suna bin jiki kamar ruwa. Abin da hoto bai gaya mana ba shi ne, yadin da aka yanka haka ba ya zama wuri ɗaya, miƙewa yake yi. Ni kuwa ranar da na haɗa tawa, ranar na kalmashe ƙasanta. Kafin kwana biyu gefe ɗaya ya zazzago, ɗayan ya ɗage, ɗinkin gefen duk ya tattare. Ga shi saura kwana tara a miƙa.

Baba mai kula da kekuna ne ya gan ni tsaye bakin ƙofa. Bai tambayi wanda ya aiko ni ba. Cewa ya yi, "'Yata, zauna. Ba a kuka a kan yadi, tabo yake yi." Ya yanki ɗan ƙyalle daga cikin rigar, ya ɗora a faranti, ya ƙyasta masa ashana. Ƙyallen ya ƙanƙance, ya narke, ya bar wani baƙin dunƙule mai tauri. Ya ce in taɓa. Da siliki ne, in ji shi, da ƙaurin gashi zan ji, tokarsa kuma ta murmushe a yatsa. Auduga kuwa ƙaurin takarda take yi. Ashe polista na saya, har na riga na rubuta siliki a kundin samfuran yadina. Da haka na miƙa, da na sha kunya a gaban masu duba aiki.

Daga nan ya leƙa kekena. Allura lamba 90 nake amfani da ita a kan yadi mai santsi haka, ya sauya mini da lamba 70 wadda ta fi siranta, ya sassauta zaren sama. Abin da ya fi burge ni, bai karɓi rigar ya gyara mini ba, duk da na roƙe shi. Ni ya sa na farke ɗinkin da hannuna, na fara gwadawa a kan akoko, sannan muka rataye rigar a jikin mutum-mutumi kwana biyu cur don ta gama miƙewarta. Sai a rana ta uku ya miƙo mini alli da ma'auni, ya ce in auna tsawon daga ƙasa zuwa sama, in zagaya. A lokacin haushinsa na ji, wallahi. Yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan iya.

Sauran hidimarku kuwa, kekuna na aiki, ana buɗewa a kan lokaci, wanda ya fara rubuta suna shi ke fara hawa. Shi ke nan.

Sai dai shi ke nan ɗin ne ya yi wuya a wasu wurare. Ina da ƙawaye masu irin wannan karatu a wasu makarantu, kekunansu a lulluɓe suke, ba a yaye su sai ranar da masu sa ido za su zo. Ɗalibai kan kai aikinsu wa tela a waje ya ɗinka, su kawo a ba su maki, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Sai yarinya ta fito da takardar shaida, ta iya zana riga mai kyau a takarda, amma ba ta iya sa zare a kwarkwaro ba. 'Yan adon ɗaki ma haka, a koya musu zana taswirar falo, ba su taɓa auna taga sun yanka labule ba. Laifin ɗalibai ne? Wa ya buɗe musu ƙofa suka ƙi shiga?

Hajiya, Baba ya ce mini shi ba ruwansa da intanet, don Allah a karanta masa wannan. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara masa lafiya. A kuma gaya masa allinsa da sauran allurai biyun suna wurina, zan kawo ranar Litinin.

Ɗalibarku,
'yar ajin ƙarshe