Gyara ga masu koyar da Fiziks a lesin ɗin yamma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana malaman Fiziks na nan Kano kafin yara su shiga WAEC da JAMB.

Akwai wata takardar lesin da ake bugawa ana sayar wa ɗalibai, wadda ta ce idan aka ƙara wa fitila haske, boltejin da ake buƙata don tsayar da ilektron ma zai ƙaru. Sam ba haka ba ne, kuma yaran sun haddace ta kamar karatun allo.

Haske idan ya sauka a kan ƙarfe yakan fizgo ilektron. A cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, sai a juya batir ya riƙa tunkuɗe su baya, ana ƙara bolteji kaɗan-kaɗan har allurar mita ta kwanta a sifiri. Wannan adadin shi ne boltejin tsayarwa, shi ke nuna ƙarfin ilektron ɗin da ya fi kowane gudu.

Ni da fitilar haidurojin nake kafa hujja. A bi da haskenta ta gilashin firizim, za a ga layuka huɗu: ja a nanomita 656 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan), shuɗi mai ɗan kore a 486, sai 434 da 410 can wajen ruwan makuba. Balmer ne ya gano lissafinsu a 1885, kuma malamin makaranta ne irinmu a Suwizalan, abin da nakan tuna wa abokan aiki masu raina kansu. Kowane foton, wato ƙwayar haske guda, na jan layin yana ɗauke da ƙarfin da ya kai ilektron-bolt 1.89, shi kuwa ƙarfen sodiyam ba ya sakin ilektron sai an ba shi kusan 2.3. To ko ka haska masa jan nan har ya kashe maka ido, allura ba za ta motsa ba. Kamar ƙofa ce da ake biyan naira ɗari kuma ba a yarda da karo-karo: yara dubu masu naira tamanin-tamanin, ko ɗaya ba zai shiga ba. Layin 486 yana da 2.55, saboda haka kwatan bolt ya isa ya tsayar da ilektron ɗinsa. Na 410, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, yana da 3.02, sai an kai wajen bolt 0.7.

Ƙarin haske yawan ilektron yake ƙarawa, wato karan, wutar da mita ke aunawa, ya hau, amma bolteji yana nan inda yake. Einstein ya bayyana dalili a 1905. Millikan bai yarda ba, ya yi shekaru yana gwaji a Amurka, ƙarshe a 1916 sakamakonsa ya gaskata lissafin.

Roƙona ga malamai, ku sa yara su zana jadawalin bolteji da firikwensi, wato yawan kaɗawar haske a daƙiƙa, na layukan 486, 434 da 410 da hannunsu, su ga inda miƙaƙƙen layin ya yanki sifiri. Masu buga waccan takarda kuma, don Allah ku gyara ta kafin bugu na gaba.

Wassalam.

Malamin Fiziks,
Gwammaja, Kano