A Bayyana Mana Masu Zuba Kuɗi a Siyasar Kamaru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana kan yadda manyan kamfanoni da attajirai ke jan akalar siyasar ƙasarmu.

Duk sanda zaɓe ya ƙarato, mu a nan Garwa mukan ga buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu da turamen atamfa masu hoton ɗan takara, ana kuma cika wa masu babura tanki don su yi jerin gwano. Albashin ɗan majalisa ba zai ɗauki wannan hidima ba. Wani ne ya biya, kuma ba sadaka ya yi ba, domin da zarar gwaninsa ya hau kujera zai dawo neman kwangilar hanya ko sassaucin kuɗin duwan, alhali manomin auduga da ya karɓi taki bashi ba shi da mai kai kukansa Yawunde.

Wannan ba zato ba ne kawai. A 2022 kamfanin Glencore ya amsa laifi a gaban kotu a Landan cewa ya ba da cin hanci a ƙasashen Afirka, har da Kamaru, domin samun fifiko a cinikin man fetur. Abin kunya shi ne daga kotun Ingila muka ji labarin.

Doka kuwa muna da ita. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya wajabta wa manyan jami'ai da zaɓaɓɓu bayyana dukiyarsu a farkon aiki da ƙarshensa, an ma yi dokar aiwatarwa a 2006, amma har yau tana kwance a takarda.

Faransa ta haramta wa kamfanoni ba jam'iyyu kuɗi tun 1995. A ganina, idan muka kwafi haramcin kai tsaye, kuɗin zai koma bi ta bayan gida cikin jakunkuna. Ya fi a fara da tilasta wa kowace jam'iyya wallafa sunan duk wanda ya ba ta gudummawa mai tsoka, a kuma hana irin wannan mutum ko kamfaninsa kwangilar gwamnati na wasu shekaru. Ina kira ga 'yan majalisarmu na Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa su gabatar da wannan buƙata a zauren majalisa, ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa kuma su tambayi kowane ɗan takara matsayinsa kafin ranar ƙuri'a.

Mai karatunku,
daga Garwa